Gurbin mastas a Landan da gonar gado a hanyar Dadin Kowa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 29 a Gombe. Na yi digiri a kimiyyar laburare, na gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, har yau ban samu aikin gwamnati ba. A zaman jiran ne na koya wa kaina haɗa shafin intanet da manhajar WordPress. Na yi wa makarantu biyu da wani otal, da shi nake ɗan rufa wa kaina asiri. Yanzu wata jami'a a Landan ta ba ni gurbin mastas na shekara ɗaya a zanen shafukan intanet da sarrafa abin da ke cikinsu. Kuɗin makaranta fam 17,000 ne. Ejan ɗin da ya nema mini ya ce in ba da kafin alƙalami, shi zai zuba mini kuɗi a asusu don neman biza, sauran in na isa sai in yi aiki in biya. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gona a hanyar Dadin Kowa, ba a raba ba tukuna. Dada, wato mahaifiyarmu, da ƙannena mata sun ce sun yarda a sayar. Hammana, wato yayana, ya ƙi, ya ce in karatu nake so in yi shi a gida. Yau mako uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ga aurena an sa bayan babbar Sallah. Ina ganin in damar nan ta wuce ba za ta dawo ba, kuma na gaji da a riƙa ce mini "yaron nan mai taɓa kwamfuta". Kawu, me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada a sayar da gonar nan saboda wannan tafiya. Ban raina karatun ba. Fanni ne mai kyau, a cikinsa ni ma nake cin abinci shekara da shekaru a nan Bauchi. Sai dai farashin da ake nema a wurinka ya fi ƙarfin abin da za a ba ka, kuma rabin farashin daga bakin ƙannenka zai fito.

Mu fara da lissafi, don na lura ejan ɗinka bai kai maka shi ƙarshe ba. Fam 17,000 kuɗin makaranta ne kawai. Hukumar shige da fice ta Birtaniya tana son ganin kuɗin zamanka daban. A ƙa'idar 2025, wanda zai yi karatu a Landan sai ya nuna sama da fam 1,400 na kowane wata har na wata tara, wato kimanin fam 13,000, kuma sai kuɗin sun yi kwana 28 a jere a cikin asusu ba su ragu ba. Ga harajin kula da lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin bizar kanta sama da fam 500, ga tikitin jirgi. Ka haye fam 31,000 ke nan. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, fam ɗaya a banki ba ta kai naira 600 ba. A cikin 2024 ta wuce 2,000. A wannan farashi, tafiyarka ta haura naira miliyan 60. Kai ka san gonarku, ka kuma san abin da dillalan Gombe za su taya ta. Ajiye lambobin biyu gefe da gefe ka duba.

Maganar "in na isa sai in yi aiki in biya" ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin da ita aka yaudari yara da yawa. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako lokacin da ake karatu. Mafi ƙarancin albashi a can a 2025 fam 12.21 ne a awa. In ka samu aikin, kuma ka cika awoyin kowane mako ba fashi, abin da zai shigo hannunka a wata bai kai fam 1,100 ba. Gwamnatin ƙasar da kanta ta ce zama a Landan yana cin sama da 1,400. To daga ina ragowar kuɗin makaranta za su fito? Sannan ga abin da na tabbata ba a gaya maka ba: mai bizar ɗalibi an hana shi sana'ar kansa. Wato karɓar kwangilar haɗa shafi, abin da ka fi iyawa a duniya, shi ne dokar ta haramta maka. Abin da zai rage maka shi ne ɗaukar kaya a sito ko jinyar tsofaffi da dare, ka wayi gari a aji ido jajur. A 2024 an ga ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da aka dakatar da su saboda faɗuwar naira ta hana su cika kuɗin makaranta, har aka kai sunayensu hukumar shige da fice. 

Kuɗin da ejan zai zuba maka a asusu kuwa, ka yi nesa da su. Rance ne da za ka biya da ƙari, ka san hukuncin wannan ba sai na gaya maka ba. Kuma nuna kuɗin wani a matsayin naka yaudara ce a idon masu ba da biza. Wanda aka kama da yaudara yana iya shan haramcin shiga ƙasar na shekara goma, shi kuwa ejan ya riga ya karɓi ladansa ya kama gabansa. Amaryarka ma ka sa ta a lissafi: tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta daina barin masu mastas na zaman aji su tafi da iyali. Za ka ɗaura aure ne ka bar yarinyar mutane a ɗakin Dada, ba gona, ba albashi, kana can kana neman na haya.

Yanzu gonar. Ka ce Dada da ƙannenka sun yarda. Ɗana, mace ta rasa miji bara, ɗanta ya shigo mata da takarda daga Landan yana murna, me kake tsammani za ta ce? Ƙannenka kuma an rene su a kan kunya da kawaici irin na ƙasar Gombe, wace ce a cikinsu za ta dubi idon yayanta ta ce a'a? Yardar da kara ta fitar daga bakin mutum ba a gina sayar da ƙasa a kanta. Gonar da ba a raba ba, kowace taki a cikinta akwai tumunin Dada, akwai rabon kowace yarinya, akwai na Hammanka. Ƙila ita ce buhunan masara da shinkafar gidanku na shekara, ƙila ita ce gado da katifar auren ƙannenka. In tana kusa da ruwa kuwa, kowa ya san yadda noman rani ya ɗaga darajar ƙasar wannan yanki. Ƙasa in ta fita daga hannu da wuya ta dawo, ko ta dawo ba a kuɗin da ta tafi ba.

Abin da ya dace shi ne ku kira malamin da ya san ilimin rabon gado, ko ku je kotun shari'a, a raba, kowa ya san iyakarsa. Wannan ya kamata a yi ko da babu maganar Landan, domin jinkirin rabon gado shi ke haifar da irin shirun da ke tsakaninka da ɗan'uwanka yanzu. Bayan an raba, rabonka naka ne, ba mai hana ka. Ko a lokacin ba zan ba ka shawarar sayarwa ba, amma in ka yi, da naka ka yi kasada.

Na dawo kan jimlarka ta ƙarshe, domin a ganina nan ciwon yake. "Yaron nan mai taɓa kwamfuta." Na san zafin wannan kalma. Sa'o'inka suna saka manyan kaya su tafi ofis, kai kana ɗaki da laftof, surukanka na gobe suna tambaya a ina yake aiki. Kana son takardar da za ta rufe bakin mutane. Wannan ba laifi ba ne, mutunci abin nema ne. Amma ka rarrabe abu biyu da ka cakuɗa: takardar shaida da gwaninta. A wannan sana'a tamu kasuwarsu daban. Jami'a ko kwaleji in za ta ɗauke ka koyarwa, takarda za ta duba. Aikin gwamnati ma haka, da takarda ake hawa mataki. Mai makaranta, mai otal, ƙungiyar agaji, kamfanin waje da zai ba ka aiki kana zaune a Tudun Wada, duk tambayarsu ɗaya: turo mana shafukan da ka yi mu gani. A duk shekarun da na yi ina karɓar irin wannan aiki, sau ɗaya ma wanda zai biya ni bai ce in kawo takardar digiri ba. Wayarsa yake buɗewa ya shiga shafin, in ya buɗe da sauri kuma ya ga abin da yake nema, an gama ciniki.

Kwas ɗin da aka ba ka kashi biyu ne, zane da kuma sarrafa abin da ke cikin shafi. Na farkon, wato kala da hoto da jera akwatuna, kullum kuɗinsa faɗuwa yake yi. WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma yau take ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, tana da dubban riguna da aka riga aka ɗinka, sai dai ka zaɓa ka saka wa shafinka. Ga Wix da Squarespace masu irin wannan aiki, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 suke zana shafi cikin mintuna. Ɗan sakandare mai wayo zai iya fitar da shafi mai ƙyalli. Kashi na biyun ne yake da wuya, shi ne kuma ke riƙe abokin ciniki: me za a rubuta, wa zai rubuta, a ina za a ajiye shi yadda mai nema zai same shi, yaushe za a sabunta, yaushe za a cire.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake nanata wannan. Shekarun baya wata makaranta mai zaman kanta ta kira ni in duba mata shafinta. Shafi ne kyakkyawa, hotuna suna juyawa, har da jawabin mai makaranta doguwa. Amma labarin ƙarshe da aka saka ya shekara uku. Kuɗin makarantar da aka rubuta na da ne. Lambar wayar da ke kai ta ma'aikacin da ya daɗe da barin aiki ce. Sunan shafin kuma, wato adireshinsa na intanet, yaron da ya haɗa shi ya yi rajistarsa da sunan kansa, ya bar gari, wa'adin biya ya kusa cika, babu kwafin ajiya ko ɗaya. Na zauna da iyaye kaɗan a bakin ƙofa lokacin tashi na tambaye su me suke nema in sun shiga. Abu uku suka ce: yaushe za a koma, nawa ne kuɗin zango, ina sakamakon yarona. A ƙaramar waya suke dubawa, da datar naira ɗari biyu, hotunan nan masu juyawa su ke cinye ta kafin shafin ya buɗe. Gyaran da na yi bai shafi kala ba sam. Na dawo da sunan shafin hannun makarantar, na rage nauyin hotuna, na ɗora abubuwan nan uku a sama, na koya wa sakatariya yadda za ta saka sanarwa da kanta, muka rubuta wa ke da alhakin me a kowane zango. Wannan shi ake kira sarrafa abin da ke cikin shafi.

To ka dubi digirinka da kake ganin ya tashi a banza. Shekara huɗu aka yi ana koya maka rarraba littattafai rukuni-rukuni, rubuta katin kowane littafi, zaɓen kalmar da mai bincike zai nema da ita, cire tsohon da ya daina amfani daga kanta. Rukuni da alamomin da kake saka wa rubutu a WordPress wannan aikin ne aka ɗauke daga kanta aka kai allo. Takardar da Tim Berners-Lee ya rubuta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN, wadda daga ita yanar gizo ta samo asali, shawara ce kan yadda za a sarrafa bayanai, domin takardun masana suna ɓacewa a tsakanin kwamfutoci. Matsalar ɗan laburare ce tun ranar farko. Mafi yawan masu haɗa shafi a Gombe da Bauchi daga ɓangaren kwamfuta suka shigo, sun iya dasa manhaja, amma ka ba su takardu dubu biyu na wata hukuma ka ce su tsara, sai su tsaya. Kai an horar da kai a kan haka. Akwai ma manhajoji na kyauta da aka yi don fanninka kai tsaye: Koha ta tafiyar da laburare, da DSpace ta adana kundayen bincike, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002. Ka ƙirga manyan makarantun da ke jihohin nan biyu, ka tuna ɗakunan da aka jibge kundayen ɗalibai ƙura na ci. Wanda ya ƙware a waɗannan manhajoji biyu a yankinmu ba zai rasa mai nemansa ba.

Akwai kuma wani ilimi da ba a Landan za ka same shi ba, domin ba ciwonsu ba ne. Ɗauki ɓ da ɗ da ƙ. Salon rubutu da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito dabam kamar an ara shi daga wani gida. Dole mai haɗa shafin Hausa ya san irin su Noto na Google da ke ɗauke da su, ya kuma tabbata rumbun bayanansa yana kan tsarin adana haruffa na UTF-8. Sannan mutanenmu da yawa ba sa saka lanƙwasa in suna rubutu a waya. Mai neman "ƙasa" zai buga "kasa", mai neman "baƙi" zai buga "baki", alhali ma'anar ta sha bamban. Akwatin bincikenka ya kamata ya gane duka biyun. Makarantar Islamiyya za ta so aya da Larabci daga dama zuwa hagu, fassara da Hausa a ƙasanta, sanarwa da Turanci a gefe, duk a shafi guda ba tare da sun hargitse ba. Wani abokin cinikin iyayen yaransa sun fi gane saƙon murya a kan rubutu. Wanda ya warware waɗannan a aikace yana da abin sayarwa ga gidajen jarida na Hausa da ƙungiyoyin da ke aiki a arewa maso gabas, kuma a nan gida ake koyonsu, a kan shafukan mutane na gaske.

Ban ce ka gama koyo ba. Wanda ya tsaya a dasa riga da ƙananan manhajoji a WordPress, ranar da shafi ya faɗi zai rasa inda zai kama. Kana bukatar harsunan rubuta shafi: HTML da CSS sosai, JavaScript da PHP daidai gwargwado, da sanin yadda rumbun bayanai ke aiki. Kana bukatar sanin ƙa'idojin WCAG, waɗanda ke sa makaho mai amfani da manhajar karanta allo ya iya bin shafinka. Duk wannan yana nan kyauta a shafukan koyo na MDN da freeCodeCamp. Abin da aji a Landan zai ƙara maka shi ne malamin da zai yaga aikinka ya nuna maka kuskure, da abokan karatu daga ƙasashe daban-daban, da izinin zama ka nemi aiki bayan kammalawa. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, ba na musu. Sai dai izinin zaman ma Birtaniya ta riga ta sanar za ta rage shi daga shekara biyu zuwa wata 18, kuma masu neman ƙaramin aikin haɗa shafi a can sun yi yawa.

In zuciyarka na son takardar, kuma ina ganin tana da amfani gare ka ko don ƙofar koyarwa, to Hammanka bai yi kuskure ba. Hanya mafi gajarta ita ce mastas a fanninka na laburare da bayanai, wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ka ɗora bincikenka a kan adana bayanai a intanet ko tsara shafukan Hausa. In kuwa ɓangaren kwamfuta kake so, tunda digirinka ba a can yake ba, akasari sai ka bi ta difloma ta gaba da digiri, wadda ake ce wa PGD, sannan mastas. A gida darasin yakan zo ne a ƙarƙashin kimiyyar kwamfuta ko fasahar sadarwa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Gombe, tana kuma yin PGD da mastas a fasahar sadarwa, ba sai ka rufe sana'arka ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi ta fasaha ce tun kafuwarta a 1980, tafiyar awa biyu zuwa uku ce daga gidanku. Jami'ar jihar Gombe tana cikin gari, ta tarayya tana Kashere. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka taka har sashen, ka karɓi jerin darussan, ka nemi ɗaliban da ke ciki ka tambaye su shekara nawa suka yi da kuma yadda masu duba kundinsu ke ba su lokaci. Ka shiga da ido buɗe. Karatun gida ya fi karkata ga ƙa'idojin littafi, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Don haka takardar ce za ka karɓo a can, hannun kuma kai za ka ci gaba da gyara shi a kan aiki.

A wannan shekara, ga inda zan so ka sa ƙarfinka. Koma wurin makarantun nan biyu da otal ɗin. Buɗe shafukansu a ƙaramar waya kamar kai baƙo ne, ka rubuta duk abin da ya tsufa ko ya ɓace. Ka je musu da takarda ɗaya: zan riƙa kula da shafinku kowane wata, sabunta manhaja, ajiye kwafi, saka sanarwa, horar da ma'aikacinku, a kan kaza. Kuɗin wata-wata daga wuri biyar ko shida shi ne albashin da kake nema, kuma shi ke ba mutum ƙarfin gwiwar ɗaukar iyali. Ka yi rajistar sunan sana'arka a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka buɗe asusu da sunan, domin ƙungiyoyi da hukumomi ba sa son biyan kuɗi a asusun mutum. Sunan shafi, ko na .ng ne da ake saya ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su ko waninsa, ka riƙa yin rajistarsa da sunan mai shi, ka miƙa masa mabuɗansa a rubuce. Amana ce, kuma ita za ta raba ka da sauran. Tunda kana taɓa sakamakon yara da lambobin iyaye, ka karanta dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ka san abin da ta ɗora a kanka. Kowane aiki ka gama, rubuta shafi ɗaya: yadda na same shi, abin da na canza, abin da ya biyo baya. Laftof mai ƙarfi da ƙaramin sola, tunda ka san halin wutarmu, ba za su ci ko kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin Landan ba.

Ka kuma daina cewa damar ba za ta dawo ba. Jami'o'in Ingila kowace shekara suna ɗaukar ɗalibai, kuma kuɗin ɗaliban waje suna daga cikin abin da ke riƙe da su. Su ke neman irinka. Ka rubuta wa jami'ar da kanka, ba ta hannun ejan ba, ka tambaya ko za su ɗaga maka gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda sau ɗaya. Kada ka biya ko sisi kafin ka ga sharuɗɗan mayar da kuɗi a rubuce. Sannan ka nemi tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi. Yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu bayan karatu, ana buɗe shi wajen watan Agusta. Akwai kuma na Commonwealth. Gasar tana da zafi, amma matashin da zai ce ga makarantu shida a Gombe da iyaye ke duba sakamako a shafin da na tsara da Hausa, ga laburaren da na ɗora kundayensa a intanet, yana da labarin da masu tantancewa za su saurara.

Saura Hammanka. Mako uku ya yi yawa, kuma kai ne ƙarami. Kada ka aika, kada ka rubuta masa a WhatsApp. Ka same shi bayan sallar isha'i inda ba kowa, ka gaishe shi yadda ka saba tun kuna yara, ka ce masa ka janye maganar sayar da gona. Ka nuna masa lissafin nan na fam 31,000 da hannunka, ka gaya masa abin da kake shirin yi a shekarar nan, ka roƙe shi ya jagoranci kiran malamin da zai raba gadon. Daga nan ku shiga wurin Dada tare, domin na tabbata ita ma tun ranar da ta ce ta yarda ba ta yi barci mai daɗi ba. In an kwana biyu bayan biki, ka turo mini adireshin shafukan da ka gyara, zan buɗe su a tsohuwar wayata in gaya maka inda suka yi nauyi.